Mutanen da suka riƙe mu a Delhi, ni da Umma

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan abin amma duk sanda na fara sai jikina ya yi sanyi in ajiye wayar. Abin da ya sa yau na daure, wata baiwar Allah ce ta ce min za su kai mahaifinsu asibiti Indiya, wai ya mutanen can suke don an tsorata su sosai. Na ba ta amsa a tsaitsaye, daga baya na ga amsar ba ta isa ba.

Mu uku Umma ta haifa, ni ce ta tsakiya kuma ni kaɗai ce mace. Babanmu ya rasu ina firamare, da keken ɗinki ta riƙe mu har muka zama mutane. Ba ta da yawan magana kuma ba ta faɗin ciwo, ko zazzaɓi take sai dai ka ga ta ɗaure kai ta hau keke. Shi ya sa lokacin da ta kira ni ɗaki a farkon 2016 ta nuna min ƙullutun da ke ƙirjinta abin ya riga ya yi nisa. Aka yi gwaji aka ce kansar mama ce. Aka yi aiki aka cire, aka fara kimo, wato ƙarin ruwan maganin kansa, da aka zo maganar gasa wurin ciwon da inji sai aka ce injin ya lalace, inda yake aiki kuma layi ne na watanni. Wani likita ya ja yayana gefe ya ce in da hali ku fita da ita. Halin babu, amma akwai fili ɗaya da Baba ya bari, shi aka sayar, dangi suka cika.

Indiya tana ba mara lafiya bizar jinya, ta kuma ba masu jinya har mutum biyu, to ni da Yaya muka bi ta. Watan Satumba muka sauka Delhi. Kafin mu tafi babu irin gargaɗin da ban sha ba, kuma masu gargaɗin ba ƙarya suke ba, don a watan Mayu na shekarar an kashe wani matashi ɗan Kongo a Delhin nan kan rigimar abin hawa, har jakadun ƙasashen Afirka suka yi barazanar ƙaurace wa bikin ranar Afirka. Da wannan na shiga garin. Ba na kallon idon kowa, ba na amsa gaisuwa, jakata kullum a ƙirji.

Kuma ba zan wanke su tas ba, akwai abin da na gani. Kallo kam ba a magana, mutum zai tsaya cak ya zuba miki ido har ki wuce, yara su bi ki suna kiran wani abu suna dariya. Gida biyu muka je neman haya suna ganin fuskarmu suka ce an kama. Dillalin da ya haɗa mu da asibitin, wanda tun muna gida yake kira safe da yamma, yana karɓar kasonsa ya daina ɗaga waya. A ƙarshe muka samu ɗaki ɗaya da ɗan kicin a bene na biyu, cikin wani lungu a kudancin Delhi, gidan wata tsohuwa 'yar Hindu da mijinta ya mutu, tana ƙasa ita da ɗanta da matarsa da jikanta. Ranar farko ta jero mana dokoki jikan yana fassarawa, ba a dafa nama a gidanta, ba baƙi, ba a shanya a matakala, ƙarfe goma ana rufe get. Ko murmushi ba ta yi ba. Na ce a raina Allah ya raba mu lafiya da wannan mata.

A watan Oktoba hutun da aka ba Yaya a wurin aiki ya ƙare, kuma dama dole wani ya koma ya nemo ƙarin kuɗi. Kafin ya tafi ya canza dalar da ta rage zuwa rupi ɗin Indiya, kuɗin kimo da haya da abinci, ya jera min su a ƙasan akwati, kusan duka takardun 500 ne da 1000. Ku riƙe wannan a ranku.

Ranar 30 ga Oktoba aka yi bikin Diwali, babban bikin 'yan Hindu, kwana aka yi ana harba tartsatsin wuta. Lokacin ne kuma manoman jihohin Punjab da Haryana da ke kusa suke ƙona karan shinkafa a gonaki, iska ta kwaso hayaƙin ta jibge a kan Delhi. Gari ya rufe kamar hazon hunturu mai tsanani, sai dai wannan yana da ƙauri kuma yana cin ido da maƙogwaro, har gwamnati ta rufe makarantu kwana uku. Mai kimo garkuwar jikinsa a ƙasa take, Umma ta kama tari ba dare ba rana. Wani dare wajen ƙarfe ɗaya na ji ana buga ƙofa da ƙarfi, gabana ya faɗi na ce shi ke nan tarin ya hana ta barci za ta kore mu. Ina buɗewa ta ture ni ta shigo, da jiƙaƙƙun tawul a kafaɗa da tukunyar ruwan zafi. Ta bi duk kafar taga ta toshe, ta zaunar da Umma ta lulluɓe ta ta sa ta surace, duk tana faɗa da yarensu, faɗa sosai fa, da alama ni take wa faɗan don me ban sauko na faɗa ba. Ba ta tafi ba sai da Umma ta yi barci. Da safe muka haɗu a matakala na gaishe ta, ta ɗaga kai kawai ta wuce kamar ba ita ba.

Sai daren Talata 8 ga Nuwamba. Duniya duk hankalinta yana kan zaɓen Amurka, ni ina wanke kwano, sai na ji unguwa ta kaure da hayaniya. Jikan ne ya hawo da gudu ya ce Firaminista Narendra Modi ya fito a talbijin wajen ƙarfe takwas ya ce daga ƙarfe 12 na daren nan takardar 500 da ta 1000 sun daina aiki. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Waɗannan takardu biyun su ne kusan kashi 86 cikin ɗari na darajar tsabar kuɗin da ke yawo a ƙasar, gwamnati ta ce don maganin masu ɓoye kuɗi da na jabu ta yi. Ni dai na shiga ɗaki na buɗe akwati na zauna ina kallon filin Baba ya koma takarda. Ban faɗa wa Umma ba, na ce ƙwallo suke wa ihu.

Washegari bankuna a rufe, ATM ma a rufe. Da aka buɗe aka ce mutum ɗaya rupi 4000 kawai zai canza da katin shaida, ATM kuma 2000 a rana in ma an samu mai kuɗi a ciki. An yarda asibitocin gwamnati su ci gaba da karɓar tsohon kuɗi na wasu kwanaki, amma namu na kuɗi ne ba ya ciki, kuma kimon Umma a satin yake. Na je wajen biya na zube musu kuɗin, yarinyar ta ce sai dai kati. Katina na gida in ya yi yau gobe ya ƙi, abin da yake bari a cira kuma bai kai ko rabi ba. Na bi layin banki tun asuba, layin da ya zagaye lungu ya fita titi, da azahar aka ce kuɗi ya ƙare. Ranar da na samu shiga aka miƙo min sabbin takardun 2000 guda biyu masu ruwan hoda, na fito ina murna, ashe ba mai canjinsu, ko madara ba za ki saya da su ba. Masu canjin bayan fage kuma suka fito, su karɓi tsohon kuɗi su zabtare kaso mai tsoka, har na fara lissafin in ba su.

Ban san wa ya faɗa wa tsohuwar ba, ina jin jikan ne. Ta aiko a kira ni, karo na farko da na shiga falonta. Ɗanta yana zaune, ma'aikacin ofis ne yana jin Turanci, ya ce nawa ne kuɗin asibitin, na faɗa. Suka yi ta magana shi da uwar, na ga ransa bai so ba, matarsa ma ta sa baki, tsohuwar ta buga hannu a gwiwa kowa ya yi shiru. Kuma ban ga laifinsa ba, don gwamnati ta ce duk wanda ya zuba fiye da rupi 250,000 a asusu za a iya bincikarsa, an kuma gargaɗi mutane kan zuba kuɗin wani. Washegari ya ɗauki rabin rana daga aiki ya raka mu ya biya da katinsa, ya sa na rubuta takarda cewa kuɗin jinya ne na sa hannu ya haɗa da rasit ɗin canjin dala, ya karɓi tsofaffin ya kai banki da kansa. Ko rupi ɗaya bai cire ba. Har muka rabu ni da shi ba mu taɓa hira ba, mutum ne mai ɗaure fuska irin uwarsa, amma haka ya riƙa yi mana duk zagayen kimo har abubuwa suka lafa.

Akwai mai shago a bakin lungun, musulmi ne ashe, ni ban ma lura ba don ban taɓa ɗaga kai na kalle shi ba. Ranar da na miƙa masa 2000 ɗin ya yi dariya ya ciro wani littafi duk maiƙo ya buɗe sabon shafi, bai tambayi sunana ba, ya rubuta wani abu a sama ya ce in ɗauki abin da nake so. Unguwar duk a littafin nan take ci a lokacin, amma su ya san iyayensu da gidajensu, ni fa, ana iya wayar gari na hau jirgi.

Sai mai oto, keken nan mai ƙafa uku kore da rawaya. Dattijo ne mabiyin addinin Sikh da rawaninsa da farin gemu, shi yake kai mu asibiti don shi kaɗai ne a tashar ba ya ninka mana kuɗi, kuma yana tafiya a hankali in Umma na ciki, yana kauce wa ramuka. Satin nan bai karɓi ko sisi ba ya ce sai canji ya samu. Wata rana an sa wa Umma ruwan kimo, awanni yake ɗauka, na fito waje in sha iska na tarar da shi yana jiran fasinja. Ban san ya aka yi ba ina zama a bayan oton kawai kuka ya ƙwace min, irin kukan da ban yi ba tun da muka zo. Bai ce komai ba sai da na gama, sannan ya nuna baki da hannu wai na ci abinci, na girgiza kai. Ya ce mu je. Nan fa duk gargaɗin da aka min ya dawo, mace ke kaɗai a garin mutane. Ina jin ya gani a fuskata, sai ya kira waya ya miƙo min, 'yarsa ce, ta ce min da Turanci babanta yana so ya kai ni wurin ibadarsu in ci abinci ne kawai, in ban yarda ba ba komai, in na yarda ita ma za ta same mu a can.

Gurdwara Bangla Sahib sunan wurin, kusa da Connaught Place a tsakiyar birni, da ƙubba mai ruwan zinare da wani babban tafki a ciki. Ana cire takalmi a wanke ƙafa a rufe kai, ni dama da hijabina. Suna da wani zaure da ake ciyar da duk wanda ya zo kyauta kullum, dubban mutane, abin da suka gada tun daga Guru Nanak wanda ya kafa addinin sama da shekara 500 da suka wuce. Kowa a ƙasa yake zama sahu sahu, mai kwat da lebura da almajiri kafaɗa da kafaɗa, a bi da bokiti ana zuba miyar wake da gurasarsu da shinkafa. Ba nama a ciki sam, wannan ya kwantar min da hankali, kuma ba wanda ya tambaye ni addinina ko ya ce in shiga in yi wani abu. Abin da ya fi tsaya min, a zauren nan ne kaɗai tun zuwana ba wanda ya tsaya kallona, kowa ta cikinsa yake. Na ci na ƙara. Matar da ke gefena ta ga ina kokawa da zafin gurasar ta karɓa ta yayyaga min ta ci gaba da cin nata.

Disamba sanyi ya shigo sosai, amma shi ne watan da ya fi mana daɗi. Tsofaffin nan biyu suka ƙulla ƙawance ba mai jin yaren wani. Da hantsi tsohuwar za ta sa a fitar da kujera tsakar gida inda rana take sauka, in sauko da Umma a hankali. Umma a ƙuruciyarta ta kalli finafinan Indiya ba kaɗan ba, sai ta riƙa jawo guntayen waƙoƙi tana rerawa a karkace, tsohuwar nan da na ɗauka ba ta da haƙora don rashin dariya har riƙe ciki take. Wata rana Umma ta hango wani tsohon keken ɗinki na hannu a lungu an rufe da zani, ta nuna. Aka ce ya lalace shekaru, zare yake tsinkawa. Ta ce a kawo. Hannunta yana rawa, farcenta duk ya yi baƙi saboda magani, ta buɗe ƙasan ta zaro kwarkwaron ta hure ƙura ta ɗiga mai ta ɗan juya wani ƙaramin noti, ta sa ƙyalle ta murza. Ɗinki ya fito sumul. Wallahi fuskar Umma a ranar ban ga irinta ba tun kafin ciwon. Daga nan kullum sai an kawo mata wani abu, rigar makarantar jikan, labule, har maƙwabta suka fara aikowa, ni ina faɗa ina cewa za ta gaji likita ya ce ta huta, ta ce min ke bar ni, kwanciyar ce take gajiyar da ni. Yanzu in na tuna ina godiya da ba ta ji maganata ba.

A farkon Janairun 2017 aka sake hoto aka ce ya shiga huhu da hanta. Likitan bai ɓoye min ba, ya ce ku kai ta gida. Amma jirgi ba ya ɗaukar mai irin wannan jikin sai da takardar likita cewa za ta iya tafiyar, Umma kuma ta riga ta koma kan oksijin. Ta gane ba sai an faɗa mata ba. Ta ce min kar ki wahalar da yayanki da kuɗin ɗaukar gawa, ƙasa duk ta Allah ce. Na ce Umma ki daina wannan maganar, ta ce na dai faɗa miki. Ta cika wata asuba ina riƙe da hannunta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na kira Yaya muka yi kuka, muka yi shawara. Ɗauko ta yana nufin a yi mata allurar hana lalacewa a rufe a akwati a sa a wajen kaya, ga kwanaki ga kuɗin da babu, shi kuma sabuwar biza ba za ta fito a kwana ɗaya ba. Muka tsaya kan wasiyyarta. To amma ni mace ce ni kaɗai, ban san masallaci ba ban san maƙabarta ba, ban san ta ina ake farawa ba. Na dawo gida ɗaukar fasfo ɗinta, mai shago ya ga fuskata ya fito daga bayan kanta, na ce masa Umma, ya cire hularsa ya mayar ya ja ƙofar shagon ya rufe. Shi ya je wajen liman. Ɗan tsohuwar ya ɗauke ni muka bi takardu, ta asibiti, ta ofishin jakadanci, wasu ɗalibai 'yan Afirka da ban taɓa gani ba suka ji labari suka zo suka taya mu zirga zirga, sai washegari aka gama. Mata uku daga masallacin suka zo muka yi mata wanka tare, babbar cikinsu tana nuna min da hannu in na rikice. Farin yadin likkafani tsohuwar ce ta aika aka sayo, ta hana ni biya, ita ta yanka da almakashinta matan suna gwada mata tsawo. Matar da ta ce ba baƙi a gidanta, ranar tsakar gidan ba wajen taka ƙafa.

A maƙabartar musulmi ta Delhi Gate aka kai ta. Ni ban bi ba, ina zaune tsohuwar ta rungume kaina a cinyarta tana bubbuga bayana. Mutanen da ba su san sunan Umma ba, ba su taɓa jin muryarta ba, su suka yi sahu suka sallace ta suka ɗauke ta a kafaɗa. Mai oto ya bi su, ya tsaya daga gefe har aka gama, da ya dawo ya miƙo min wata takarda ya zana min hanyar kabarin daga ƙofa, da bishiyar da ke kusa, don in na dawo wata rana kar in ɓata.

Da zan taho na je biyan bashin shago, ya buɗe littafin ya nuna min shafin an ja masa layi daga sama har ƙasa. Na ajiye kuɗin a kanta ya biyo ni da su har bakin oto. Na bar su wajen jikan, bayan sati biyu aka kira ni aka ce mai shagon ya dawo da su.

Ban daɗe da dawowa ba, a watan Maris, aka far wa ɗaliban Afirka a Greater Noida kusa da Delhi, bidiyon ya zagaya ko'ina, mutane suna turo min suna cewa kin ga mutanen naki. Na gani, kuma na san da gaske ne don ni ma an kira ni da sunan da ba na so a titi. Amma ban iya haɗa baki a zage su duka ba, har yau in an fara sai in tashi.

Shekarar farko ta min wuya, ko ƙarar keken ɗinki na ji a maƙwabta sai in shiga ɗaki. A hankali na koma aiki, na yi aure, na haihu aka sa wa yarinyar sunan Umma. A watan Afrilu da Mayun 2021 da korona ta yi wa Delhi mugun kamu, ana nuna mutane suna neman oksijin a bakin asibitoci, wuraren ibadar Sikh suna raba shi kyauta a bakin titi, na yi ta kiran lambobin. Ta mai oto da ta 'yarsa ba sa shiga har yau, ban san ko yana raye ba. Ɗan tsohuwar ya ɗaga bayan kwanaki, ya ce ta rasu a cikin satin, ba su samu gado ba. Muka yi shiru a waya ni da shi, dama ba mu saba hira ba, sai ya ce keken yana nan yana aiki, matarsa ce take amfani da shi.

Mai shago kuwa yana nan. Duk sallah sai ya je maƙabartar ya share wajen ya sa ɗansa ya turo min hoto a WhatsApp, da saƙon murya mai tsawo da ba na jin komai a ciki sai sallamar farko, yaron ya biyo da fassara a layi biyu. Na ajiye takardar 2000 guda ɗaya da niyyar duk ranar da na koma sai na cusa masa ita ko yana so ko ba ya so, sai ga shi a watan Mayun 2023 babban bankinsu ya ce ita ma ana janye ta. Na tura masa hotonta, ya turo saƙo dariya ce kawai daga farko har ƙarshe. Yaya bai taɓa ganin kabarin ba, muna ta tara kuɗi ni da shi, in Allah ya yarda muna sa ran zuwa. Na faɗa wa mai shagon, yaron ya rubuto cewa babansa ya ce kar mu kuskura mu kama otal.